Ba Rowa Gidan Zulai

Situdiyon Sadiq ɗaki ɗaya ne a Malali, tsakanin shagon mai gyaran fanka da na wata mata mai sayar da ƙanƙara. Ya bi bangon ya manne shi da kwalin ƙwai, ya toshe taga da tsofaffin barguna, sannan ya raba ɗakin biyu da katako da gilashi. Nan gaba kwamfuta da sifikoki da kujerarsa mai juyawa, can ciki wurin tsayuwar mawaƙi. Masu zuwa wurinsa yawanci samari ne masu waƙar soyayya. Zai haɗa wa mutum kiɗa a kwamfuta, ya tura shi ciki shi kaɗai ya yi ta kukan rabuwa a gaban makirfo har ya gaji ya fito. Aiki ne mai tsabta, shi kuma Sadiq ba abin da yake so a duniya irin sauti mai tsabta. Ko sauro ne ya gitta a cikin waƙa sai ya bi shi ya cire.

Wata Talata da hantsi yana cin ƙosai aka yi sallama, kafin ya gama amsawa mata huɗu sun cika ɗakin. Ta gaba dattijuwa ce mai faɗin kafaɗa da zoben azurfa a kusan kowane yatsa. Ita ce Ladidi, zabiyar Unguwar Kanawa, wadda take waƙar amada a gidajen biki da suna tun Sadiq bai san damansa da hagunsa ba. Bayanta 'yan amshinta biyu: Harira, siririya mai magana kamar tana tsoron tada barci, da Salamatu, wadda tun daga bakin ƙofa ta riga ta faɗi ra'ayinta a kan kwalin ƙwan da ke bango. Ta ƙarshe Hauwa ce mai kiɗan ƙwarya, ɗauke da buhun ƙore a ka da babbar roba a hannu.

"Kai ne injiniyan?" in ji Ladidi.

"Ni ne, Mama. Sannunku da zuwa."

Ta zauna ba tare da an ce ta zauna ba, ta yi masa bayani. Hajiya Zulaiha mai gidan abinci a Abakwa ta faɗaɗa wurinta, za a yi bikin buɗewa, tana son waƙa tata ta kanta wadda za a riƙa sawa a sifika kuma a tura wa mutane a waya. Waƙar tana nan an riga an shirya, ɗauka kawai ta rage.

Sadiq ya goge hannu ya ce ba matsala. Za a fara ɗaukar ƙwarya ita kaɗai, sannan Mama ta shiga ta ɗora murya, sannan 'yan amshi su shiga ɗaya bayan ɗaya.

"Ɗaya bayan ɗaya?" Ladidi ta waiwaya ta dubi matanta. "Asibiti muka zo?"

"Mama, haka ake yi. In kuka shiga tare, kiɗan zai riƙa faɗawa makirfon kowa."

"Ɗan nan, amada hira ce. In jefa, su cafe, Hauwa ta shimfiɗa mana ƙasa. Ka taɓa ganin an yi lugude da taɓarya ɗaya? Ko mu shiga tare, ko mu ɗauki ƙorenmu."

Ya yi ƙoƙarin ƙara bayani, Salamatu ta tare shi da cewa ita in ba ta ga bakin Ladidi ba amshi ba ya zo mata. Hauwa kuwa tuni ta shige ciki tana tambayar inda za ta sami ruwan da za ta zuba a roba. Da Sadiq ya ga ba sarki sai Allah, ya ciro duk makirfon da ya mallaka, ya ba kowace ɗaya. Ya tura Hauwa can lungu iyakar nisan da ɗakin ya yarda, wanda bai wuce a miƙa hannu a taɓa ta ba. Ya juya wa makirfon masu waƙa baya ga ƙoren, ya rubuta sunan kowace a kan layinta a kwamfuta don kada ya rikice.

Suna shirin farawa mai Keke ya kawo kuloli daga wurin Hajiya: tuwon shinkafa da miyar taushe, wai a ci a sami ƙarfin waƙa. Aka baje a ƙasa aka ci har da Sadiq. Ya ji kamar akwai abin da miyar ta rasa, amma abincin da ba kai ka saya ba ba ka cika yi masa tambayoyi ba.

Da aka fara, shi kansa sai da ya manta da damuwarsa. Hauwa ta kife ƙwarya ɗaya a kan ruwa, sauran a kan tsumma, tana ba su da 'yan sanduna, ta ruwan tana amsawa da wani kauri kamar daga cikin ƙirji. Ladidi ta jefa:

"Zulai ta Abakwa, uwar tukunya,"

'yan amshi suka cafe:

"Ba rowa gidan Zulai!"

Haka aka yi ta yi, baiti bayan baiti. Can wajen tsakiya akwai inda kiɗa ke tsayawa cak, Ladidi ta yi wa Hajiya kirari da baki, sannan a koma. Daidai nan mai ƙanƙara ta ƙwanƙwasa ƙofa tana tambayar ko wutarsa ma ta yi ƙasa, Sadiq ya zare abin jin da ke kunnensa ya je ya sallame ta. Da ya dawo har an koma kiɗa. Aka gama a ɗauka guda, Ladidi ta ce ita ba ta maimaita waƙa, suka tattara suka tafi. Gobe za su dawo su ji.

Washegari da sassafe ya buɗe aikin, ya saurari farkon kowane makirfo ɗaya-ɗaya, ya dafe kai. Abin da ya ji tsoro shi ya faru. Ƙwarya ta shiga ko'ina kamar hayaƙin ɗanyen ice. Tana cikin makirfon Ladidi, tana cikin na Salamatu, a na Harira kuwa ta fi mai makirfon ƙarfi. In ya ɗaga muryar Harira sai ƙwarya ta taso tare da ita. In ya haɗa duka sai kiɗan ya dagule, domin bugu ɗaya yana isa kowane makirfo a lokacinsa daban, ya zama kamar ana kiɗan a cikin rijiya.

Akwai maganin wannan a cikin manhajar da yake aiki da ita, wani abu da masu sana'ar ke kira get. Aikinsa na maigadi ne. Ana ja masa layi: duk sautin da ƙarfinsa ya haura layin a buɗe masa ya wuce, wanda bai kai ba a bar shi a waje. Mai waƙa bakinta na jikin makirfo, muryarta za ta buɗe get. Da ta yi shiru sai ya rufe, ƙwaryar da ke satar shigowa daga lungu ta tsaya a waje. Lokacin da yake buɗe ma tana ɗan shiga, amma murya ta danne ta.

Ya sa wa makirfon Ladidi. Da yake mai son tsabta ne, ya ja layin can sama, ya sa get ɗin ya riƙa rufewa da sauri kamar an maka ƙofa. Ya saurara. Muryar Ladidi ta fito ita kaɗai, fes, tsakanin baiti da baiti shiru kamar masallaci bayan an watse. Daɗi ya kama shi har ya juya a kujera. Ya kwafi wannan saitin ya manna wa Harira da Salamatu, yana cikin daidaita kaurin ƙwaryar matan suka yi sallama.

"Mama, yau za ki ji aiki," in ji shi. Ya danna.

Kiɗa ya taso a tsabtace, kowane bugu a wurinsa. Ladidi ta gyaɗa kai. Muryarta ta shigo:

"Zulai ta Abakwa, uwar tukunya,"

sai amshi ya faɗo da ƙarfinsa:

"Rowa gidan Zulai!"

Ladidi ta daina gyaɗa kai.

"Mai ciyar da baƙo da ɗan gari,"

"Rowa gidan Zulai!"

"Tsaya! Tsayar da shi!" Ta miƙe tsaye. "Inna lillahi. Ku me na yi muku? Matar da ta aiko mana da tuwo har inda muke, ita za ku tsaya a bayana kuna kira marowaciya?"

"Wallahi Yaya na faɗi ba," in ji Harira, idonta har ya kawo ruwa. "Kowane amshi sai da na faɗa."

"Ni dai na san na faɗi nawa," in ji Salamatu. "In akwai wadda ta haɗiye, to a dubi mai haɗiye magana. Na'ura ai ba ta ƙarya."

"To naki ina ya tafi?" in ji Ladidi. "Na wa aka ji? Ai babu ko ɗaya!"

Sadiq ya riga ya gane, kunya ta rufe shi. Ya roƙe su su zauna, ya cire get ɗin daga makirfon amshi ya sake sawa. Ga "ba" nan daram a bakin kowace, sai dai a hankali suke ɗaukarsa, kan numfashi, ƙarfin duk a kan "rowa" yake sauka. "Ba" bai kai layin da ya ja ba, maigadi ya hana shi shiga.

Ya yi musu bayani iyakar iyawarsa. Ladidi ta saurara tana kallonsa kamar mai sauraron yaron da ya fasa tulu.

"Wato kai ka ɗauko maigadi ka ajiye mana a baki."

"Saboda ƙwaryar ne, Mama."

"Wa ya ce maka muna faɗa da ƙwarya? Kore shi."

"Bari ki ji bambancin tukuna."

Ya sa mata ba get, ta ji muryarta tana iyo a cikin kiɗa, Harira kuwa ko alamarta babu. Ya sa mata da get, ta ji muryarta ta fito gaba ta tsaya. Ya maimaita mata. Ladidi mace ce mai son gaskiya, musamman gaskiyar da ta fito da muryarta.

"To a bar shi," ta ce. "Amma ka gaya masa ya san 'yan gida."

Ya zauna gyara suna tsaye a kansa. Ya sauko da layin ƙasa sosai a makirfon amshi, yadda ko ƙaramin sauti daga bakin mai shi zai buɗe. Ya sa get ɗin ya riƙa buɗewa da wuri, ya kuma daina maka ƙofa, ya jira wutsiyar kalma ta gama wucewa, don ya lura har "Zulai" ɗin ma yana datse mata ƙarshe. Bai bar shi yana rufewa ruf ba, ya bar 'yar kafa, saboda shirun da ya yi yawa shi ma yana sa waƙa ta zama kamar ana kunna ta ana kashewa. Da ƙwarya ta ragu a makirfon nasu, sai ya sami damar da ya rasa da safe: ya ɗaga muryoyin amshi, ya ƙara musu wani abin da ke tallafo ƙaramar murya ya kawo ta kusa da babba.

Ya sa daga farko. "Ba rowa gidan Zulai!" Ya fito cif, har ana jin zaƙin muryar Harira a saman ta Salamatu.

"Ashe haka muryata take?" in ji Harira, ta rufe baki da mayafi.

Sun ji baiti na farko da na biyu, ana shiga na uku aka ɗauke wuta. Sadiq ya fita ya yi ta jan janareta har kafaɗarsa ta yi tsami, ya ƙi tashi. Ladidi ta ce ba komai, abin da ta ji ya ishe ta, za su je su zo da Hajiya bayan la'asar ta ji da kunnenta.

"Mama, ban bi ta har ƙarshe ba."

"Ƙarshen ai irin farkon ne."

Wutar ba ta dawo ba sai da ana kiran la'asar. Ya yi salla, ya kunna kwamfuta, tana gama buɗewa mota ta tsaya a ƙofar shago.

Hajiya Zulaiha doguwa ce mai jiki, ga ƙamshin turare ga na daddawa kaɗan a bayansa. Ta gaisa da shi da fara'a, ta dubi ɗakin, ta zaɓi kujerarsa mai juyawa ta zauna a gaban kwamfutar. Sadiq ya miƙa hannu ta gefenta ya danna, ya koma jikin bango ya tsaya tare da matan.

Tun daga baitin farko fuskarta ta washe. Da aka zo inda aka ambaci mahaifinta da garinsu ta ce, "Allah sarki, Ladidi." Da aka zo kan masa da miyar taushe ta fara kaɗa kafaɗa, kujerar na juyawa da ita. Salamatu tana bin amshin da baki tana tafi. Sadiq ya ji zuciyarsa ta kwanta.

Sai kiɗa ya tsaya cak. Muryar Ladidi ta cika ɗakin da kirari:

"Zulai ikon Allah! Mai miyar da ke sa baƙo ya manta hanyar gida!"

Aka yi ɗan shiru na jan numfashi. A cikin shirun nan wata murya ta fito, raɗa ce, amma an tallafo ta an kawo ta gaba, tas kamar a kunnen kowa ake yi:

"Wace miyar? Ta ɗazu? Ko gishiri babu, sai ka ce ta 'yan asibiti."

Wata siririyar murya ta ce, "Ke, yi shiru."

Ƙwarya ta dawo da ƙarfinta. "Ba rowa gidan Zulai!"

Hannun Salamatu ya tsaya a sama bai ƙarasa tafin ba. Sadiq ya yi tsalle zai kashe, Hajiya ta ɗaga hannu ɗaya ta tare shi.

"Mayar da shi baya."

"Hajiya, wata 'yar matsala ce ta na'ura, yanzu zan..."

"Ɗana, mayar da shi baya."

Ya mayar. Aka sake ji. A karo na biyu har ya fi fitowa, don yanzu kowa ya san inda zai kasa kunne.

"Muryar wace ce?" in ji Hajiya.

Ladidi ta dubi rufin ɗaki, Harira ta dubi ƙafarta.

"Hajiya, kin san kayan Nasara," in ji Salamatu. "Ɗazu ma nan cinye mana kalma ya yi. Abin da ya iya cinye magana ai zai iya ƙirƙiro ta."

"Ke kika ce na'ura ba ta ƙarya," in ji Harira a hankali.

Hajiya ta jawo jakarta. Ta ciro tabarau ta sa, ta matsa kusa da kwamfutar. Layuka huɗu ne a jere, kowane da zanen sautinsa. A daidai shirun da ya biyo bayan kirarin, layi ɗaya ne yake da wani ɗan tudu mai tsawo shi kaɗai. Ta bi shi da yatsa har farkonsa, inda Sadiq ya rubuta suna da manyan baƙaƙe.

"Sa-la-ma-tu," ta karanta.

Salamatu ta durƙusa. "Hajiya, ki yi wa Allah ki yi haƙuri. Ba da ke nake ba. Na san yaran kicin ne, yaran yanzu hankalinsu na kan waya, ke kina can kina fama da jama'a..."

"Ni na dafa."

"Na'am?"

"Da hannuna. Na ce baƙi ne na musamman, ba zan bar wa yara ba."

Fankar mai gyara ta maƙwabta ce kaɗai ake ji tana kaɗawa ta bayan bango. Hajiya ta juya kujerar ta fuskanci Ladidi.

"Ladidi, tsakaninki da Allah. Da gishiri ko babu?"

"Hajiya, miya dai ta yi kyau a ido. Kabewar nan ta nuna, ga alayyafo..."

"Ban tambaye ki kabewa ba. Harira?"

Harira ta buɗe baki, abin da ya fito ko get ɗin da aka sassauta ba zai buɗe masa ba.

"Kai fa, injiniya? Ai an ce har da kai aka ci."

"Ni Hajiya mura nake yi," in ji Sadiq, ya ja hanci don shaida.

Hauwa mai ƙwarya tana zaune a kan buhunta tun da aka shigo. Da ido ya zo kanta ta gyara zama.

"Ni tawa da gishiri na ci."

"Yawwa," in ji Hajiya.

"Da na ji daga wurinki za a kawo, na ƙullo nawa a leda. Na taɓa ci ranar sunan jikarki."

Ladidi ta runtse ido. Hajiya ta cire tabarau ta riƙe a hannu, Sadiq kuwa ya fara tunanin ta inda zai bi ya fita.

"Tun bara likita ya hana ni gishiri," ta ce a ƙarshe, kamar da kanta take magana. "Hawan jini. Bakina ya saba. In na ɗanɗana sai in ji daidai. In tambayi yaran, su ce ya yi, Hajiya." Sai idonta ya buɗe. "Litinin da Alhamis nake shiga kicin a gida. Litinin da Alhamis! Shi ya sa Alhaji ya tsiri azumin nafila. Ni ina ta yi masa addu'ar Allah ya ƙara imani!"

Dariyar ta fara ne daga kafaɗunta, sannan ta ƙwace mata gaba ɗaya har kujerar na ƙara. Ladidi ta jira ta tabbata dariya ce ta gaske kafin ta saki tata. Salamatu ma ta fara washe baki daga inda take durƙushe.

"Ke ba da ke ake ba," in ji Hajiya, ta share hawaye. "Gaskiya kika faɗa, amma a bayan idona kika faɗe ta, a tsakiyar kirarina. Ranar buɗewa tun safe ina son ganinki a kicin. Duk tukunyar da za a sauke sai kin ɗanɗana kin faɗi ra'ayinki a gabana, tunda Allah ya ba ki harshe."

"Na yarda, Hajiya."

"Kai kuma." Ta juyo kan Sadiq. "A hanya Ladidi ke ba ni labari wai ka sa musu maigadi. Yana ina wannan ta wuce?"

"Hajiya, shi ƙarfin murya kawai yake aunawa. Ba ya jin Hausa."

"To ka cire da hannunka, kai da kake ji. Amma kafin ka cire, yanko mini wurin ka tura mini a waya. Akwai wanda zan sa wa gobe Alhamis in ya zo buɗa-baki."

Kashegari Sadiq ya rufe shago, ya zauna ya bi kowane makirfo shi kaɗai tun daga farko har ƙarshe, abin da ya kamata ya yi tun jiya. Duk inda ba waƙa ake ba ya datse da hannu, ya bar wa get ƙwarya kawai. Ya tsinci abubuwa. Akwai gyatsar Ladidi bayan baitin masa. Akwai inda Harira ke karanta addu'a ƙasa-ƙasa kafin kowane amshi mai tsawo. Can kusa da ƙarshe kuma ya sake cin karo da Salamatu, tana cewa, "Injiniyan nan da sumarsa kamar sheƙar ungulu, ko wa zai aure shi oho." Ya saurara sau ɗaya, ya goge, ya tura wa Ladidi waƙar. Da yamma ya biya wurin mai aski.

Ranar buɗewa ya sa shaddarsa ya tafi Abakwa. An kafa rumfuna har bakin titi, mata sun cika wurin, ana ta shiga da faranti ana fita. Ya leƙa ta tagar kicin ya hango Salamatu zaune a kan turmi da cokali a hannu, gumi na zuba, an jera mata tukwane. Ta ɗanɗani miyar kuka da ta kuɓewa da ta agushi da farfesu, yanzu an kawo mata taushe, Hajiya na tsaye a kanta riƙe da gwangwanin gishiri.

"Hajiya, wallahi harshena ya mutu. Komai ɗaya nake ji."

"Kurkure baki ki sake."

Aka kawo wa Sadiq tuwo da miya, ya sami kujera ya zauna. Sai ga waƙar ta tashi. Mai kayan sautin da aka ɗauko ya jingina wata tsohuwar sifika mai yagaggen ciki a jikin janareta, ya murɗe komai har ƙarshe. Ƙwaryar Hauwa ta koma kamar ana dukan ganga da taɓarya, muryar Ladidi na fita da ƙyar ta tsakanin ƙugin inji, ta Harira kuwa sai wanda ya san tana nan. Mata suka zuba a fili suna rawa suna guɗa, ba wadda ta damu.

Ya daure, ya kasa. Ya ajiye farantin ya je wurin mutumin, wani mai baƙin tabarau da tawul a wuya.

"Malam, don Allah ɗan rage kaurin nan, kuma a matsar da sifikar daga jikin janareta."

Mutumin ya dube shi sama da ƙasa. "Kai ma ka taɓa harkar sauti ne?"

"Kaɗan-kaɗan."

"To wannan ba daga wurina ba ne. Wanda ya haɗa waƙar ne bai iya ba. Ka bar ni da ita, ina gyara masa ne."

Sadiq ya tsaya yana kallonsa. Sai ya ce, "Allah ya taimaka," ya koma kujerarsa, ya jawo farantinsa kafin tuwon ya huce.